"Ina zuwa" amma ya tafi: tambayoyi da amsoshi kan wahalar gane adon magana

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyaye da malamai da ma'aurata, da kuma su kansu mutanen da ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta hanyar da ta bambanta da ta galibin jama'a. Duk a kan abu ɗaya suke: maganar da ake faɗa, amma ba abin da kalmominta suka ce ake nufi ba.

Su wa ake nufi da masu ƙwaƙwalwa mai aiki daban?

Rukuni ne mai faɗi. Akwai masu otizim, larurar da ke shafar yadda mutum ke sadarwa da mu'amala da jama'a, wadda kafafen yaɗa labarai kan kira galahanga. Akwai masu larurar rashin tattara hankali da yawan kazar-kazar, wadda likitoci ke taƙaitawa da ADHD. Akwai masu disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu, da kuma yaran da harshe ke zo musu da wahala tun suna ƙanana alhali kunnensu lafiya lau. Tunanin cewa irin wannan bambanci wani ɓangare ne na halittar ɗan Adam ya yaɗu ne a ƙarshen shekarun 1990, kuma ana yawan danganta shi da Judy Singer, masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya.

Ba 'yan tsiraru ba ne. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim, alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2025 kuwa sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara 8. Sai dai ba kowane ɗayansu ne adon magana ke ba wahala ba, kuma waɗanda yake ba wahalar ma, ba daidai suke shan ta ba.

Wace irin magana ce takamaimai ke ba su wahala?

Kusan duk wadda ma'anarta ke bayan kalmominta. Ga karin magana. Ga haɗe-haɗen kalmomi irin su "ja kunne", "dogon hannu", "farin jini", "cin fuska", "ya ranta a na kare". Ga gatse da habaici da shaguɓe. Ga kambamawa, kamar "na gaya maka sau dubu". Ga umarnin da aka sa wa rigar tambaya: "Za ka iya rufe ƙofar nan?" Wani yaron zai ce "E, zan iya", ya ci gaba da zamansa, don a ganinsa tambaya aka yi masa, ya kuma amsa.

Mutane sukan ɗauka karin magana ne ya fi wuya. A ganina shi ne ma mai sauƙin. Karin magana yakan yi sallama kafin ya shigo: za ka ji an ce "masu iya magana na cewa", ko ka ji an ambaci gemu da wuta a hirar da ba ta wanzami ba, ka san akwai wata a ƙasa. Ana iya haddace shi kamar yadda ake haddace sabuwar kalma. Masu cutarwar su ne ƙananan nan da ba su da alama. Mutum ya miƙe ya ce "ina zuwa" ya nufi waje. A ce "jira ni minti biyu" a yi rabin awa. A ce "bari mu gani" alhali an riga an ƙi. Kowace kalma a cikinsu sananniya ce, jimlar ma tana da ma'ana a yadda take, babu abin da zai sa mai saurare ya yi zargin cewa ba ita ake nufi ba.

Ɗana yana da ƙoƙari sosai a makaranta. Ta yaya zai kasa gane abin da ƙaramin yaro ke ganewa?

Don ba aiki ɗaya ba ne. Lissafi da kimiyya suna da ƙa'idar da ba ta sauyawa da fuskar malami. Adon magana kuwa hasashe ne da ake yi cikin ƙiftawar ido: mai saurare ya haɗa kalmomin da murya, da fuska, da abin da ya faru ɗazu, da abin da ya sani game da mai maganar, ya fitar da nufi kafin a kai ƙarshen jimla. Yaro na iya sanin kalmomin da malaminsa bai sani ba, wannan hasashen kuma ya riƙa kuɓuce masa. Duba amsar da ke biye don bayanin masana.

Me masana suka gano game da dalilin hakan?

Babu bayani guda da ya gamsar da kowa, amma akwai uku da ake yawan kawowa. Na farko ya shafi karanta nufin mutum. A 1993 Francesca Happé, masaniyar halayyar ɗan Adam a Landan, ta gwada masu otizim da magana iri uku. Kamance, wato wadda ke ɗauke da "kamar", ta fi sauƙi, don ana iya ɗaukarta a zahiri a zauna lafiya. Siffantawa kai tsaye, irin a ce "wane zaki ne", tana buƙatar ka gane abin da mai magana ke nufi. Gatse kuwa na buƙatar hawa na biyu: ka gane abin da yake tunani game da abin da wani ke tunani. Ta ga cewa inda mutum ya tsaya a gwajin karanta tunanin wasu, nan yake tsayawa a waɗannan matakai.

Na biyu ya shafi yadda hankali ke rarraba kansa. Uta Frith ta kawo ra'ayin cewa masu otizim sun fi kama ɗaiɗaikun abubuwa fiye da haɗa su su zama hoto guda. A 2005 kuma Dinah Murray da abokan aikinta biyu suka bayyana shi ta wata fuskar: hankalin yakan zurfafa a kan abu ɗaya a lokaci guda. Idan yana kan kalmomi, murya da fuska sai su wuce ba a lura ba.

Na uku ya fi sauran ba da ƙwarin guiwa. Binciken Courtenay Norbury a 2004 da 2005 ya nuna cewa ƙarfin harshen yaro, musamman zurfin saninsa na ma'anonin kalmomi, ya fi sunan larurarsa nuna yadda zai gane adon magana. A 2018 Tamar Kalandadze da abokan aikinta suka tattara sakamakon binciken da aka yi ta yi a baya, suka ga cewa idan aka kwatanta masu otizim da waɗanda suke daidai da su a ƙarfin harshe, tazarar takan ragu ƙwarai. Ke nan akwai abin da koyarwa za ta iya gyarawa, kuma an yi maganarsa a amsar da ke kan koyar da yara.

Na ce masa ya sa ido a kan ƙaninsa, na dawo na tarar yaron ya zubar da ruwa ko'ina, shi kuma yana tsaye yana kallo. Anya ba raini ba ne?

Ki tambaye shi. Mai yiwuwa ya ce, "Ai na sa masa ido, Mama, ban ɗauke ba ko sau ɗaya." Kuma gaskiyarsa ke nan. Abin da kike nufi shi ne ya kula da shi, ya hana shi ɓarna, ya kira ki in wani abu ya faru. Abin da ya ji shi ne ya kalle shi. Ya yi biyayya iyakar biyayya, sai ga faɗa ya biyo baya, bai san laifinsa ba.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A rahoton da Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins ya buga a 1943 kan yara 11, wanda da shi aka fara bayyana otizim a matsayin larura mai zaman kanta, yaro na farko shi ne Donald. Idan aka ce masa ya ajiye abu, a ƙasa yake ajiye shi. Mahaifinsa ya taɓa koya masa cewa "e" ta hanyar tambayarsa ko yana so a ɗora shi a kafaɗa, sai "e" ta zama tana nufin "ɗora ni a kafaɗa" a wurinsa na wani lokaci. Donald Triplett ke nan, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 89.

Bambanta raini da rashin ganewa ba wuya in an natsu. Mai raini yakan saci kallonki ya ga yadda abin ya yi miki. Wanda bai gane ba kuwa mamaki ne ke bayyana a fuskarsa, wani lokacin har da kuka na jin an zalunce shi, kuma zai yi irin wannan kuskuren ko a inda shi ne zai yi asara.

Me ya sa gatse ke jawo rigima haka?

Don a cikinsa ne ake faɗin kishiyar abin da ake nufi dungurungum. Yaro ya fasa kofi, a ce masa "Ka kyauta! Ɗauko sauran ma ka fasa." Duk abin da ke nuna ba haka ake nufi ba yana cikin murya da harara. Wanda ya dogara da kalmomi zai ji yabo da izini. Ko yaran da ba su da wata larura sai sun kai wajen shekara 5 zuwa 6 suke fara gane gatse, su ci gaba da ƙwarewa shekaru bayan nan.

Wani abin lura: a binciken nan na Kalandadze na 2018, tazarar da ke tsakanin masu otizim da sauran ta fi girma a siffantawa fiye da gatse. To amma gwaji daban, rayuwa daban. Wanda ya kasa gane "wane zaki ne" hira kawai ta wuce shi. Wanda ya kasa gane gatse kuwa shi ne ake yi wa dariya a aji, ko a tura shi aikin da ba a so ya yi, sannan a hukunta shi. Habaici ya fi muni, tunda ana yin sa ne a gaban jama'a, kowa ya gane da wa ake ban da shi.

Ni babba ne, na san ma'anar waɗannan maganganu, amma har yanzu suna tsayar da ni. Me ke damuna?

Abin da manya da yawa masu otizim ke faɗa ke nan. An ce "ya sha kashi a zaɓe", ka san an kayar da shi ne, amma sai hoton zahirin ya fara faɗo maka, ka ture shi, ka ɗauko ma'anar da ka haddace. Kafin ka gama, hira ta yi gaba da jimla biyu. Kamar mai yin lissafi a takarda ne a cikin waɗanda suka haddace jadawali: amsarku ɗaya, amma shi ya fi shan wuya kafin ya kai.

Wannan aikin na ɓoye shi ke sa wasu su dawo daga taro a gajiye liƙis alhali zama kawai suka yi. Da yawa sun koyi yin dariya in sun ga ana yi, su gyaɗa kai, su koma gida su yi ta juya maganar har dare. Gajiya da hayaniya da yawan masu magana a lokaci guda duk suna ƙara abin, shi ya sa za ka gane magana yau, gobe irinta ta wuce ka.

Masu ADHD da disleksiya fa, su ma haka ne?

Sakamakon kan yi kama, hanyar ce daban. Mai ADHD sau da yawa ya san ma'anar, amma hankalinsa ya ɗan zame a daidai lokacin da aka sauya murya, ko ya yi saurin amsawa kafin a ƙarasa. Mai disleksiya ya fi cin karo da abin a rubuce, inda ƙarfinsa ke ƙarewa wajen haɗa baƙaƙe. Akwai kuma waɗanda ke da biyu ko uku a haɗe, abin da ba baƙo ba ne.

To matsalar daga wurinsu take, ko daga wurinmu masu maganar?

Daga tsakani take. A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya ja hankali kan cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: yadda mai otizim ke kasa karanta sauran mutane, haka su ma suke kasa karanta shi. Ya faɗi magana ƙeƙe-da-ƙeƙe, a ce ba shi da kunya. Ya nemi ƙarin bayani, a ce gardama yake. Ana neman wani nufi a bayan maganarsa, alhali ba komai a bayanta.

Catherine Crompton ta jami'ar Edinburgh ta gwada wannan a 2020. An jera mutane takwas-takwas, a ba na farko labari ya gaya wa na biyu, haka har na ƙarshe. Layin masu otizim zalla ya riƙe labarin daidai da layin marasa shi, wanda aka gauraya ne ya fi zubar da shi. Da ta maimaita gwajin da mutane masu yawa aka buga a 2025, ba a sake ganin waccan illar ta gaurayawa ba, amma babban sakamakon ya tsaya: masu otizim suna isar da labari daidai da kowa. Don haka idan saƙo ya ɓace tsakanin mutum biyu, bai kamata a ɗora wa ɗaya duka nauyin ba.

Ke nan mu daina yin karin magana a gaban yaron?

A'a. In kuka ɓoye masa a gida, zai haɗu da shi a waje, inda ba mai yi masa bayani. Binciken Marilyn Nippold ya nuna cewa kowa ma a hankali yake koyon irin waɗannan maganganu, tun daga yarinta har girma, kuma waɗanda aka saba ji da waɗanda ma'anarsu ke kusa da hotonsu su ake fara kamawa. Ku faɗi maganar ku biyo ta da fassara a numfashi ɗaya: "Ba a fafe gora ranar tafiya, wato ka haɗa littattafanka tun yau da dare." Ku fara da masu sauƙi irin "gani ya kori ji" kafin ku kai ga "ruwa ya ƙare wa ɗan kada".

Wasu yaran suna jin daɗin zana hoton zahirin a gefe ɗaya, ma'anar a ɗaya gefen, a yi dariya tare da su. Wasu kuma sun fi son littafin da suke tara maganganun a ciki. Kada dai ku tsaya a haddar ma'ana. Ku nuna masa wa ake gaya wa wannan magana da kuma yaushe, don yaron da ya haddace "tsoma baki" zai iya ce wa shugaban makaranta ya daina tsoma baki, da zuciya ɗaya.

Wuri ɗaya ne babu sassauci: umarni, da gargaɗi kan haɗari, da lokacin da yaron ke cikin damuwa. A nan a faɗi abu yadda yake, a taƙaice. "Tsaya a nan har in dawo" ta fi "ina zuwa".

Mijina ba ya gane hannunka mai sanda. In na ce "ba komai" sai ya yarda. Ya zan yi?

Ya yarda ne don ya ɗauke ki mai gaskiya. Ba daɗi a ce sai kin furta abin da kike so a gane da kai, kuma haushinki na da dalili. Amma ki gwada faɗa ɓaro-ɓaro, "Maigida, raina ya ɓaci da abin da ya faru jiya, ina so mu yi magana bayan yara sun kwanta", ki ga ko zai motsa. Idan ya motsa, to dama kulawar tana nan, saƙon ne bai kai ba. Shi ma akwai nasa aikin: ya koyi cewa "ba komai" na iya zama komai, ya riƙa sake tambaya.

Me zan ce idan ban gane ba, ba tare da na ji kunya ba?

Maimakon "ban gane ba", ka maimaita abin da ka fahimta a sigar tambaya. "Yallaɓai, don kada in yi kuskure, yau kake so a gama ko cikin makon nan?" Ko "Hajiya, da kika ce za ki duba, in dawo ne ko in bar maganar?" Wannan kan sa a ɗauke ka mai kula da aiki. Ga abokai kuwa, "Da gaske kake ko wasa?" ta wadatar. A wurin aiki ka nemi a aiko maka da muhimman umarni a rubuce. Yana da amfani kuma ka samu mutum ɗaya amintacce da za ka riƙa tambaya bayan taro abin da wane ke nufi.

Saƙon waya ya fi sauƙi ko ya fi wuya?

Duka biyun. Akwai lokacin karantawa sau biyu, har a bincika maganar a intanet. Amma murya da fuska sun tafi, gatse ya zama daidai da yabo a ido. Mai rubutawa ya ƙara "wasa nake" in wasa yake, ba abin da zai ragu a jikinsa.

Na san mai otizim da ke rubuta waƙa, ya kuma iya barkwanci. Ya aka yi haka?

Ba abin mamaki ba ne. Ƙirƙirar hoto da magana daban, cankar nufin wani cikin gaggawa daban. Da yawansu gwanaye ne wajen wasa da kalmomi, tunda suna ganin ma'anar zahirin da sauran mutane suka daina gani. Kanner kansa ya rubuta a 1946 cewa maganganun yaran da ake ɗauka shirme ne sau da yawa adon magana ne nasu na kansu. Ɗaya daga cikinsu yakan ce kada a jefa kare daga saman bene duk lokacin da yake ƙoƙarin hana kansa wani abu. Asalinta, mahaifiyarsa ce ta taɓa faɗa masa haka game da wani karen wasa. Sai wanda ya san labarin zai gane shi, kamar yadda sai wanda ya san namu zai gane mu.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Ga yaro, idan ɗaukar magana a zahiri ya zo tare da wasu alamu: jinkirin fara magana, maimaita jimlolin da ya ji, wahalar yin abokai, tsananin damuwa in an sauya tsarin da ya saba. Akan fara da gwajin ji, sannan likitan yara ko masanin halayya ko mai gyaran magana su duba. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya ware wata larura ta sadarwa a zamantakewa, wadda kasa gane karin magana da barkwanci ke cikin alamunta, ga waɗanda ba su cika sharuɗɗan otizim ba. Manya ma ana iya duba su, kuma akwai da dama da sai bayan sun girma aka gano.

Idan kuwa babba ne da a da yake gane wasa da gatse sarai, sai kwatsam ya daina, wannan wata magana ce daban. Shanyewar ɓarin jiki, musamman in ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, da buguwa a kai, da wasu cututtukan mantuwa duk suna iya kawo haka. In abin ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki ko mutuwar hannu ko sarƙewar harshe, a garzaya da shi asibiti nan take.